Daga Gandun Nomau Zuwa Panem: Tarihin Labaran Rusasshiyar Duniya a Hannun Mai Karatu Bahaushe

 Maƙalarmu ta wannan mako ta taɓo wani nau'in labari da matasanmu masu karatun Turanci suka rungumi karatunsa a waya, wato labarin duniyar da mulki ya lalace a cikinta, aka bar yara da ɗaukar nauyin gyara. Fitacce a ciki shi ne The Hunger Games na Suzanne Collins, littafi uku da suka fito tsakanin 2008 da 2010. Bayansa akwai The Maze Runner na James Dashner da ya fara a 2009, da Divergent na Veronica Roth a 2011.

Ga wanda bai karanta na Collins ba, ga zancen a taƙaice. Ƙasa ce mai suna Panem, da babban birni guda da gundumomi goma sha biyu da ke yi masa bauta. Kowace shekara ana jefa ƙuri'a, kowace gunduma ta ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya masu shekara 12 zuwa 18. Su ashirin da huɗun nan sai a zuba su a fili su kashe juna, mutanen birni na kallo a talabijin. Yaron da gidansu babu abinci yana iya ƙara yawan sunansa a cikin ƙuri'ar don a ba shi hatsi da mai. Gunduma ta 11 kuwa ta manoma ce, su ke noma abincin ƙasar, amma wanda aka kama ya ci daga abin da ya noma bulala ce rabonsa a bainar jama'a.

Wannan labari ya fita daga takarda ya shiga titi. A 2014, bayan juyin mulkin soja a Tailan, masu zanga-zanga sun ɗauki gaisuwar yatsu uku ta cikin labarin suka mayar da ita alamar bijirewa, har aka riƙa kama mutane saboda ita. Matasan Myanmar ma sun ɗaga yatsun nan a 2021.

To mu fa? Sau da yawa ana magana kamar irin wannan rubutu baƙo ne a Hausa, sai da wayar hannu ta zo muka san shi. Tarihi bai goyi bayan haka ba, kuma abin alfahari, yawancin hujjar daga ƙasar Katsina ta fito.

A 1975 Bala Abdullahi Funtua ya fitar da Gandun Dabbobi, fassarar littafin George Orwell na 1945. Na ce fassara, amma aikin ya wuce nan. Ya ɗauko gonar daga Ingila ya dasa ta a ƙasarmu: mai gonar ya zama Nomau, tsohon da ya hura wutar tawaye ya zama Dattijo, shugabannin juyin suka zama Maitumbi da Ɗantulu, mai yi musu farfaganda Karambana, dokin da ya ƙarar da ƙarfinsa a aiki Akawal. Bahaushe na jin sunan Maitumbi ya riga ya san inda amfanin gonar zai ƙare. A dubi lokacin kuma. A watan Oktoban 1974 Janar Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, a watan Yulin 1975 aka hamɓarar da shi. Littafin da ke ba da labarin dokokin da ake sauyawa cikin dare ya faɗo hannun mutanen da suka ga an sauya musu alkawari da rana tsaka.

Shekara bakwai bayan nan, a 1982, aka buga littattafan da suka yi fice a gasar Sashen Al'adu na Tarayya. Cikinsu akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, shi ma Bakatsine. A 1983 Sulaiman ya ƙara da Tura Ta Kai Bango, kan siyasa da danniyar talaka. A ganina na Gagare ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ya ɗauki Nijeriyar bayan yaƙin basasa, lokacin da makamai suka bazu kuma aka sami mutanen da ba su san wata sana'a ba sai bindiga, ya gina Mailoma, ɗan ta'addan da ya tara runduna da muggan ƙwayoyi yana kisa ba tausayi. A wancan zamani ana iya ɗaukar labarin a matsayin ƙirƙira mai tsananin zuzutawa. Wanda ya buɗe shi yau a Musawa ko Matazu, gabansa ne zai faɗi.

Nan ne karatunmu ya rabu da na yaron Amurka. Shi yana karanta Panem a matsayin gargaɗin abin da ka iya zuwa, ya rufe littafi ya kwanta. Ɗalibar da ke Malumfashi ko Funtua kuwa, idan ta kai wurin da ake kiran sunayen yara a dandali iyaye na tsaye ba yadda za su yi, Ƙanƙara za ta tuna: daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya aka shiga daji da su, sai bayan kwana shida aka sako su. Idan ta kai gundumar manoma, ta san ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga gona ko a girbe. Idan ta karanta yadda aka yanke wa gundumomi hanyar jin labarin juna, ta tuna Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da Funtua da Malumfashi da Bakori. Sai dai akwai bambanci babba da bai kamata a tsallake ba. A Panem hukuma ce ke karɓar yaran, da doka da ranar da kowa ya sani. Namu tashin hankalin ya fi kama da na Gagare, inda hukumar ce ake nema a rasa.

Inda nake da ja da waɗannan jerin littattafai shi ne yadda suke ɗora ceton al'umma a wuyan yarinya ɗaya 'yar shekara 16. Yana da daɗin karatu, ba musu, amma manomin da aka ɗora wa haraji bai taɓa ganin irin wannan mai ceto ba. Divergent da The Maze Runner ban ga sun wuce nishaɗi ba sosai. Collins ce kaɗai zan yi wa adalci, domin a littafi na uku ta ƙi ba mai karatu abin da yake so. Ƙanwar da Katniss ta shiga fili dominta ta mutu, shugabar 'yan tawaye Coin ta kawo shawarar a sake wasan kisan da 'ya'yan mutanen birni, Katniss kuma ta juya kibiyarta ta harbe ta maimakon tsohon azzalumin. Coin ɗin nan ai Maitumbi ce. Wanda ya riga ya karanta Gandun Dabbobi zai gane ta tun shigowarta.

Abin takaicin, yaron da ke neman Gandun Dabbobi ko Ƙarshen Alewa Ƙasa yau sai ya sha yawo kafin ya samu, alhali na Collins yana cikin wayarsa a minti biyu. Duk wanda ke da kwafe a cikin tsoffin akwatunan gida, don Allah ya sanar da mu, mu ga yadda za a yi ɗalibai su karanta.