Tarihin Suturar Bango a Amurka: Siminti Mai Zare da Robar Binil

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin kayan gini iri biyu da ke gogayya a Amurka wajen suturta bangon gida ta waje, watau siminti mai zare da robar binil, domin a ga abin da tarihinsu yake koyarwa game da araha da tsada.

Da farko ya kamata a lura cewa akasarin gidajen zama a Amurka da katako ake kafa su, ba da tubali ko bulo ba. Irin wannan gini dole ne a yi masa sutura da za ta tare ruwa da iska. A da, fallayen katako ake jerawa, amma katako yana ruɓewa, gara tana cinsa, wuta tana kama shi, ga kuma ɗawainiyar fenti a kai a kai. Neman magajin katako shi ne tushen wannan tarihi.

Siminti mai zare shi ne babba a shekaru. Wajen 1900 wani mutumin Ostiriya, Ludwig Hatschek, ya gano hanyar cuɗa siminti da zaren ma'adinin asbestos a fitar da falle marar kauri wanda ba ya cin wuta. An sa masa suna Eternit, daga kalmar Latin mai nufin dawwama. Ya bazu a duniya, har ya iso Nijeriya, inda aka yi rufi da silin na makarantu da gidajen ma'aikata da shi. Sai dai a 1955 Richard Doll a Ingila ya tabbatar da dangantakar ƙurar asbestos da sankarar huhu, kana a 1960 likita J. C. Wagner a Afirka ta Kudu ya danganta ta da sankarar tantanin da ke lulluɓe da huhu. Cutar takan yi shekaru ashirin ko fiye kafin ta bayyana, saboda haka leburori da yawa sun shaƙi ajalinsu ba su sani ba. A shekarun 1980 kamfanin James Hardie na Ostireliya ya maye gurbin asbestos da zaren itace irin na takarda, kuma wannan sabon haɗi ne ya karɓu a Amurka daga shekarun 1990.

Ita kuwa robar binil, a 1926 ne Waldo Semon na kamfanin B. F. Goodrich ya gano yadda za a tausasa ta ta sarrafu. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara yin suturar bango da ita a jihar Ohayo. Fallayen farko suna kodewa, suna tsagewa, amma da aka kyautata haɗin sai ta ture gorar ruwa da aka saba da ita. Ita ma ba ta tsira daga aibu ba, domin a 1974 aka gano wata sankarar hanta a jikin ma'aikatan masana'antar binil a garin Louisville, abin da ya tilasta wa hukuma tsananta dokar kare ma'aikata.

Idan aka auna su a yau, binil ta fi araha, ba ta da nauyi, ba ta buƙatar fenti, amma zafin wuta yana narkar da ita, tsananin sanyi kuma yana sa ta fashe. Siminti mai zare ba ya ƙonewa, gara ba ta kusantarsa, amma ya fi tsada da nauyi, sai an sabunta fentinsa, kuma ƙurar yashin da ke tashi wajen yanka shi tana illata huhun magini idan bai kare hancinsa ba.

A taƙaice, kowane ɗayansu an tallata shi a matsayin ƙarshen wahalar mai gida, amma sai bayan shekaru da dama aka san ainihin kuɗinsa, kuma ma'aikata ne suka biya kaso mafi tsoka da lafiyarsu. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wajibi ne ga ɗalibin da zai zama injiniya, da jami'in da ke sa hannu a takardar kwangila, su tambayi abin da kayan gini zai ci nan da shekara talatin, da kuma wanda zai biya.