Tsamin Jiki ga Sabon Mai Motsa Jiki: Shin Wahalar Ranar Farko Tana da Wani Amfani?

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi gwaje-gwajen da aka yi kan tsamin jikin da ke biyo bayan motsa jiki, daga 1902 zuwa 2016, domin auna wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu horarwa, wai sabon shiga bai yi komai ba sai ya wayi gari ba ya iya miƙewa. Abin da aka tarar shi ne tsamin ba daga laktik asid yake ba, ba ya nuna yawan ribar da tsoka ta samu, kuma ɗan ƙaramin aiki a zaman farko ya isa ya kare tsoka na tsawon makonni. An kuma bambance tsamin da ake haƙuri da shi da ciwon da ke buƙatar asibiti.

1.0 Gabatarwa

A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Ba wanda ke jayayya da wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne makon farko. Magidanci ne ɗan shekara arba'in likita ya ce masa jininsa ya fara hawa, sai ya sayi kambas ya nufi fili da asuba. Koci ya haɗa shi da samarin da suka shekara suna zuwa, a yi tsallen kwaɗo, a yi tsuguna-tashi sau hamsin. Ranar ya koma gida garau. Washegari cinyoyi suka fara magana, kwana biyu kuwa sai da dafa bango yake sauka daga bene, sujada ta zama aiki, tsuguno a bayi ya gagara. Idan ya koka, amsa ɗaya ce: wuya ba ta kisa, kuma sai an sha wuya ake shan daɗi.

Maƙalar ba ta da ja da karin maganar a fagen neman ilimi ko sana'a. Tambayarta ita ce ko tsoka ma haka take.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Theodore Hough, wani masanin aikin jiki a Amurka, shi ya fara bayyana wannan tsami a 1902. Ya lura cewa ciwon da ke zuwa sa'o'i bayan aiki daban yake da raɗaɗin da ake ji ana cikin aikin, ya kuma danganta shi da ƴan ƙananan yage-yage a cikin tsoka. Sai dai wani ra'ayin ya danne nasa. Fletcher da Hopkins (1907) sun nuna cewa laktik asid yana taruwa a tsokar kwaɗo idan ta gaji, sannan Hill da Meyerhof suka samu kyautar Nobel ta 1922 a kan yadda tsoka ke sarrafa makamashi. Daga nan sinadarin ya zama abin ɗora wa laifin duk wani ciwon tsoka, har yau kuma ana jin haka a azuzuwan ilimin motsa jiki da bakin masu tausa, wai asid ne ya kwanta a cinya, sai an murza ya fita.

Wannan bayani bai tsaya da ƙafarsa ba tun daga lissafin lokaci. Sinadarin yana komawa daidai a jini cikin kamar awa ɗaya da gama aiki, tsami kuwa ba ya kaiwa ƙololuwa sai tsakanin awa 24 zuwa 72. Abin da ya bar jiki tun jiya da safe ba zai hana mutum ruku'u gobe ba. Schwane da abokan aikinsa (1983) sun gwada abin kai tsaye: mutane suka yi gudun minti 45 a kan injin gudu, sau ɗaya a shimfiɗe, sau ɗaya a gangare mai kashi 10 cikin ɗari. Gudun shimfiɗe ya ɗaga sinadarin amma bai bar tsami ba. Gudun gangare bai ɗaga shi ba, tsamin kuwa ya zo sosai. A shekarar ne Newham da tawagarta a Landan suka sa mutane hawa da sauka a kan dakali, ƙafa ɗaya tana hawa kullum, ɗayar tana saukowa. Ƙafar hawa ce ta fi cin makamashi, amma ta saukowa ce ta yi ciwo. A Suwidin kuma Fridén da abokansa sun ɗebi ɗan yankin tsoka bayan irin wannan aiki, suka ga zarurrukanta sun hargitse a ƙarƙashin madubin bincike. Aka dawo kan maganar Hough bayan shekara tamanin.

Ke nan akwai aikin tsoka iri biyu da ya kamata a bambance. Akwai aikin ɗagawa, inda take takurewa ta ɗaga nauyi, akwai kuma aikin saukewa, inda take miƙewa alhali tana riƙe da nauyin don kada ya faɗi. Na biyun ne uban tsami. Wanda ya hau Dutsen Dala yana haki zai ɗora laifin a kan hawan, alhali matakalan da ya sauko a kansu cikin raha su ne za su kwana a cinyarsa.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Nazari ne na rubuce-rubuce. An zaɓi gwaje-gwajen da aka sarrafa nauyin aiki a cikinsu aka kuma auna sakamako, kamar ƙarfin tsoka, kumburi, ma'aunin ciwo, da sinadarin CK da ke malalowa cikin jini idan tsoka ta ji rauni. An ajiye binciken da ya dogara ga tambayoyi kawai.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

4.1 Tsami Ba Ma'auni Ba Ne

Nosaka, Newton da Sacco (2002) sun sa ɗalibai aikin saukewa da tsokar dantse, wasu sau 12, wasu 24, wasu 60. Raguwar ƙarfi da hawan CK sun bi yawan aikin, amma tsamin da ɗaliban suka ji bai bi shi yadda ake zato ba. Mutum na iya jin ciwo mai tsanani da ƙaramin rauni, wani kuma ya ji kaɗan da babban rauni. Kocin da ke tambayar "jiki ya yi tsami?" don ya san ko zaman jiya ya yi kyau, yana awo ne da abin da ba ya awo.

4.2 Kariyar Zaman Farko

Wannan shi ne ginshiƙin maƙalar. Idan tsoka ta yi wani aikin saukewa sau ɗaya, maimaita shi bayan mako ɗaya ko biyu ba ya kawo irin tsamin farko, ƙarfi ba ya faɗuwa kamar da, CK ma ba ya tashi sosai. Manomi ya san haka ba tare da ɗakin gwaji ba: ranar farko ta noma a damina ita ce ke karya ƙugu da kafaɗa, zuwa mako na biyu kuwa fartanyar nan ce, gonar nan ce, amma jiki ya daina ƙorafi. Byrnes da abokansa (1985) sun ga kariyar gudun gangare ta kai mako shida. Nosaka da tawagarsa a Japan (2001) sun bi tsokar dantse suka tarar kariyar tana nan bayan wata shida, ta kuma gushe tsakanin wata tara zuwa sha biyu.

Mai ra'ayin wahala zai ce to ai ga hujjarsa nan, a sha wuya sau ɗaya a huta. Amma tambayar da ta dace ita ce: nawa ne kuɗin wannan kariya? Brown da abokansa (1997) sun raba mutane gida uku, aikin saukewa sau 10, sau 30 da sau 50, bayan mako uku kowa ya yi 50. Ƴan sau 10, waɗanda raunin farkonsu ya fi sauƙi, su ma sun samu kariyar. A wani gwajin na 2001, Nosaka ya sauko da adadin har zuwa biyu da shida, duk da haka tsokar ta fi jure sau 24 da aka ɗora mata daga baya. Lavender da Nosaka (2008) suka rage nauyin kansa zuwa kashi 10 cikin ɗari na iyakar ƙarfin mutum, nauyin da bai bar wani rauni a zo a gani ba, sai ga shi ya sassauta ɓarnar aiki mai nauyi da ya biyo bayan kwana biyu. Wani abin mamaki ma, Howatson da van Someren (2007) sun nuna cewa horar da hannu ɗaya yana ba ɗayan hannun wani kaso na kariyar, abin da ke nuna cewa ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo suna da hannu a ciki, ba gyaran yagewa kaɗai ba ne.

Saura hujja ta ƙarshe da masu ɗaga ƙarfe ke riƙe da ita, wai tsoka ba ta girma sai an yaga ta. Flann da abokansa (2011) sun gwada wannan da mutum 14 a kan keken aikin saukewa. Rukuni ɗaya an lallaɓa da su na mako uku, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ɗayan kuma aka jefa su cikin cikakken aiki kai tsaye, aka daidaita jimillar aikin da kowane rukuni ya yi. Rukuni na biyu sun sha tsami, CK ɗinsu ya ninka. Rukunin farko kusan ba su ji komai ba. A ƙarshe ƙarfin kowane rukuni ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin ɗari, girman tsokar ma bai bambanta ba. Damas da abokansa a Barazil (2016) sun ƙara haske a kai. Sun bi samari na mako goma suna ɗibar tsokar cinya a mako na farko, na uku da na goma, suka ga cewa furotin da jiki ke ƙerawa a makon farko, lokacin da rauni ya fi yawa, gyara yake tafiya. Sai da raunin ya lafa ne ƙirar ta fara tafiya daidai da girman tsoka. A fahimtar wannan maƙala, makon azaba jinkiri ne ga sabon shiga, ba gajeriyar hanya ba.

4.3 Idan Tsamin Ya Riga Ya Zo

A nan sakamakon ba mai daɗin ji ba ne ga masu sayar da magani. Bitar Cochrane ta Herbert da abokansa (2011) ta nuna cewa miƙe gaɓoɓi kafin aiki ko bayansa ba ya rage tsami sai da ƴan maki ƙalilan a ma'auni mai maki 100. Tausa da ruwan sanyi suna ɗan sauƙaƙawa. Gashi da man zafi suna sa a ji daɗi na ɗan lokaci, ba laifi. Cheung, Hume da Maxwell (2003) sun ce abin da ya fi kawo sauƙi shi ne motsi mara nauyi, kodayake ciwon kan dawo idan jiki ya huce. Da magani ko babu, tsamin kan tafi cikin kwana biyar zuwa bakwai. Abin tsoro shi ne al'adar tsayawa a kyamis a haɗiyi ibuprofen ko diclofenac kafin a shiga fili, domin waɗannan ƙwayoyi suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi gumi ya riga ya ƙwace ruwan jiki.

4.4 Ciwon da Ba a Haƙuri da Shi

Tsami yana zuwa a makare, ya bazu a tsokar da ta yi aiki, galibi a ɓangarorin jiki biyu, yana kuma sassautawa idan an fara motsi. Ciwon da ya soki mutum farat ɗaya ana cikin aiki, ko ya zauna a gwiwa ko idon sawu da kumburi, ko wanda ake iya nunawa da ɗan yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri, wannan targaɗe ne ko yagewa ko tsagewar ƙashi, kuma a daina aiki ake yi. Nauyin ƙirji, jiri, da numfashin da ya ƙi dawowa, na asibiti ne nan take.

Akwai kuma narkewar tsoka, wadda likitoci ke kira rabdomayolisis: tsoka ta kumbura ta yi tauri, ƙarfi ya tafi, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ƙoda na iya tsayawa. Sabon shiga da aka ɗora wa maimaici ɗaruruwa cikin zafi shi ne ya fi kusa da ita. Nelson da abokansa (2016) sun duba bayanan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000, suka tarar masu jinin AS, wato masu ɗauke da gadon sikila, sun fi sauran haɗarin wannan cuta da kashi 54 cikin ɗari, kodayake ba su fi su mutuwa ba. A Nijeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake AS, kuma zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri yake haura digiri 40, wannan ba labarin nesa ba ne, balle ga mai fita gudu da la'asar yana azumi.

5.0 Iyakokin Bincike

Dole a ambata cewa yawancin gwaje-gwajen nan ƙanana ne, an yi su a kan samari ɗaliban jami'a a Turai, Amurka da Japan, sau da yawa a kan tsoka guda ta dantse ko cinya. Mata, dattawa da masu ƙiba ba su samu wakilcin da ya kamata ba, kuma ciwo abu ne da mai shi kaɗai ke faɗin nauyinsa. Wannan ya shafi girman alƙaluman. Bai juya alƙiblarsu ba, domin ƙasashe daban-daban da shekaru daban-daban sun nuna wuri ɗaya.

6.0 Matsaya

Zaman farko da na biyu na sabon shiga su kasance masu sauƙin da zai tashi yana ganin kamar bai yi komai ba: maimaici kaɗan, nauyi kaɗan, ba tsallen kwaɗo, ba gudun gangare, a kuma bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Daga mako na biyu a riƙa ƙari sannu a hankali. Ɗan tsamin da bai hana tafiya ko salla ba, a ci gaba da motsi a kansa. Muna kira ga sassan ilimin motsa jiki na jami'o'i da kwalejojin ilimi da su cire bayanin laktik asid daga darasin tsamin jiki, masu gidajen motsa jiki kuma su ware wa sababbi layinsu dabam na mako uku na farko.