Tunawa da Nana Asma'u 'Yar Shehu

Idan ana labarin jihadi, galibi mazaje muke ambata, mu manta da iyayenmu mata. To, yau bari mu tuna da guda daga cikinsu.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin 1793. Tana da shekara kamar 11 ta bi mahaifinta Shehu Usmanu hijira zuwa Gudu, cikin 1804, ta sha wuyar yunwa da yaƙi tun tana ƙarama. Bayan haka aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Bello. Suka zauna shekara fiye da 40, har mutuwa ta raba. Ɗansu Abdulƙadir shi ya gāji wazirci.

Hidimar gida ba ta hana ta karatu ba. Ta yi waƙoƙin wa'azi da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta naɗa jajis, watau dattijan mata, kowace da malfa da jan rawani, su riƙa kawo mata matan ƙauye, waɗanda ake kira 'Yan Taru. Ta koya musu alwala da salla da zaman aure. Sadakar da suka kawo kuwa, sai ta raba wa gajiyayyu.

Ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta.

Jama'a, wanda ya hana 'yarsa ilmi wai don kada ta ƙi aure, me zai ce da 'yar Shehu? Allah Ya jiƙanta, amin.