Kason Kano: Daga Arewantar da Aiki Zuwa Raba Daidai

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yawancin akawuna da ma'aikatan reluwe da na gidan waya daga Kudu suka zo, aka zaunar da su a Sabon Gari, wajen ganuwa. Cikin birni akwai ilimi jibge, na allo da na zaure, sai dai ba shi ofishin Bature yake nema ba. Turawa sun taƙaita makarantun mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, nasu kuma, irin ta Ɗan Hausa a Nasarawa, yara ƙalilan suka ɗauka.

Wannan giɓi ne ya sa a 1953, da Anthony Enahoro ya nemi a ba Najeriya mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya ce sai an shirya. Tsoron a fili yake: Bature ya tafi, kujerarsa ta koma hannun wanda ya riga ka shiga aji. Gwamnatin Arewa ta ɗauki manufar Arewantar da aiki. In akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi ne gaba. In babu, a ɗauko Bature na kwantiragi, wanda zai tafi idan wa'adinsa ya cika. Ɗan Kudu sai an rasa duka biyun. 'Yan Kudu suka ce wariya ce, kuma wanda aka sallama daga aiki yana da hujjar faɗin haka. Amma gwamnatin ba ta tsaya ga rufe ƙofa ba, ta yi ta tura matasa horon gaggawa a Kongo, Zariya. Da shugaban mulkin soja Ironsi ya haɗe aikin gwamnatin yankuna wuri ɗaya da dokarsa ta Mayun 1966, tarzoma ta ɓarke a Kano da wasu biranen Arewa, aka yi asarar rayuka.

'Yan Kano biyu ne suka mai da batun kason guraben aiki na ƙasa baki ɗaya. Murtala Muhammad ya ɗora shi gaban kwamitin rubuta tsarin mulki a Oktoban 1975, ya shiga kundin 1979. Sani Abacha ya kafa Hukumar Raba Daidai da dokar 1996.

Ina goyon bayan kason, amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jiha yake ƙirgawa, ba ya tambayar ɗan wane gida ne. Takardar shaidar asali daga Dala ko Gwale ɗaya ce a hannun ɗan babban sakatare da ɗan marini na Ƙofar Mata, amma na farkon ne ke jin labarin gurbi tun kafin a tallata shi. Na biyun yana ajin firamare mai cunkoso, ko ma bai shiga ba. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari zargin cewa a cikin hukumar kanta ana sayar da guraben aiki a kan miliyoyin naira, kuɗin da marinin ba zai tara ba ko da ya shekara goma a bakin karofi.