Tarihin Duwatsun Ado da Abin Hannu Mai Zanen Fure a Yankin Abuja

Abin hannu mai zanen fure, wanda mata da 'yan kasuwa suka fi kira mai fulawa, ado ne da ake shiryawa da ƙananan duwatsun gilashi a jikin zare, ta yadda launukansu za su fitar da siffar fure a kewayen wuyan hannu. Ko da yake ana ganinsa a yau a kasuwar Wuse da shagunan kayan gargajiya na Abuja, baƙo ne na baya-bayan nan a cikin wata al'ada da ta girme shi da fiye da shekara 2,000.

Shaida mafi daɗewa a wannan yanki ta fito ne daga mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928, kuma da yawansu an sassaƙa su da tulin duwatsu a wuya da hannu da ƙugu. Taruga, inda Bernard Fagg ya gano matoyar ƙarfe ta mutanen Nok, ba ta da nisa da Abuja. A kudu kuwa, tonon da Thurstan Shaw ya fara a Igbo-Ukwu a 1959 ya fito da duwatsu fiye da 165,000 na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, sannan binciken Abidemi Babalola a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya tabbatar da cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 ana haɗa gilashi a can daga kayan ƙasar, ba narka na waje kawai ake yi ba.

A da, a hannun fataken Hausa, darajar dutse tana cikin jinsinsa ne. Murjani, wanda ake cirowa daga teku, ta Sahara yake shigowa, ita kuma tsakiya, wato dogon dutsen nan mai ja-ja da ake hudawa a tsaye, ana kawo ta daga Kambay ta Indiya, daga baya kuma daga Idar-Oberstein ta Jamus. Fatake ne kuma suka riƙa kai jan dutsen lantana Ilori, inda aka riƙa goge shi ana huda shi da hannu. A Bida, masu sana'ar unguwar Masaga suna narka kwalabe a murhun ƙasa, su ɗebo narkakken gilashin da sandar ƙarfe suna juya ta a bakin wuta har ya naɗu ya zama dutse ko awarwaro, sana'ar da ta taimaka wa garin ya shiga jerin biranen fasaha na UNESCO a 2021. Irin waɗannan duwatsu manya ne, kowanne da kamanninsa, don haka a jere ake shirya su, ba a iya zana fure da su.

Abin da ya buɗe ƙofar zane shi ne ƙananan duwatsun da masana'antun Murano a Italiya da na Bohemiya, a ƙasar Cek ta yanzu, suka riƙa turowa Afirka ta Yamma da yawa a ƙarni na 19. Ana jan gilashi mai rami a tsakiya har ya zama siririn bututu, a yayyanka shi, a sake gasa gutsattsarin domin bakinsu ya daina kaifi, sai a sami dubban duwatsu masu girma ɗaya. Da su ne Yarabawa suka riƙa lulluɓe kambin sarakunansu, kuma daga nan ne daraja ta fara komawa daga jinsin dutse zuwa gwanintar hannun da ya shirya shi, wanda shi ne sauyi mafi muhimmanci a tarihin sana'ar.

Furen kansa ba shi da wuyar bayani. Mai shiri kan zura duwatsu shida masu launi ɗaya, ta mayar da allura ta cikin na farko su zama zobe, ta sa dutse guda mai wani launi a tsakiya, sannan ta fitar da zaren ta cikin dutsen da ke fuskantar na farko. Gwaninta tana wajen jan zare: in ya yi sako-sako furen ya baje, in ya tsananta ya tanƙware, kuma dutse ɗaya da ya ɗara sauran girma ya isa ya karkatar da fure dukansa.

Tun da aka kafa Babban Birnin Tarayya a ƙasar Gbagyi da maƙwabtansu a 1976, gwamnati kuma ta tare a 1991, Abuja ta tara masu sana'a da masu saye daga kowane sashe na ƙasar, kuma zanen fure ya samu karɓuwa ga matan Arewa da idonsu ya riga ya saba da shi a lalle. Abin takaici shi ne galibin ƙananan duwatsun da ake aikin da su har yanzu daga waje suke zuwa, musamman Sin da Indiya, alhali Bida, wadda ta daɗe da sanin gilashi, tana Jihar Neja mai iyaka da birnin.