Tafiyar Malam Abubakar Imam Ingila

Cikin shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, aka gayyaci 'yan jarida takwas na Afirka ta Yamma su je su ga Ingila, tsibirin da Turawan mulki suka fito. Daga Nijeriya ta Arewa Malam Abubakar Imam kaɗai ne, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya.

A can Nnamdi Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai. Imam ya ƙi sa hannu, don yana ganin ba da yawun Arewa aka yi ta ba. Amma da ya sadu da Lugga, wanda ya ci Sakkwato a 1903, sai ya zayyana masa koke-koken mutanen Arewa, bai ɓoye ba.

Da ya komo gida ya rubuta littafinsa, Tafiya Mabuɗin Ilmi.