Mario Schifano, Ɗan Mai Tonon Kufai

A garin Khums na Libiya aka haifi Mario Schifano a 1934, zamanin mulkin mallakar Italiya. Mahaifinsa ma'aikacin tonon kufan Leptis Magna ne, kuma ina ganin gadon nan bai sake shi ba. A 1962, a Roma, ya riƙa zana tambarin Coca-Cola da Esso bisa takardar ƙunshi, haruffa a gutsure, fenti na tsiyaya, kamar abin da aka tono daga ƙasa. Masu kwatanta shi da Warhol ban bi su ba. Warhol sheƙi yake so. Fim ɗinsa Umano non umano ya fito a 1969. Ƙwaya ta sha kai shi kurkuku, ciwon zuciya ya ɗauke shi a 1998.